Wasan Bazazzage a Makokin Mahaifina

Ni mutum ne mai yawan shakka a kan abin da na tuna. In aka tambaye ni yaushe aka yi kaza, sai in ce wataƙila, ko in ce in ban manta ba. Amma akwai wani yammaci guda a unguwar Misfala, rana ta uku da rasuwar mahaifina, wanda ba na shakkar komai a kansa, kuma ba na jin zai fita daga raina har in koma ga Allah.

A tsakiyar shekarun sittin ne, ban daɗe da dawowa Makka ba. Iyayena Kanawa ne da suka taho hajji ta ƙasa, suka yi shekaru a hanya. Da za su tsallako teku sai suka bar ni a Sudan wajen kawuna saboda makaranta, suka taho da yayana. A can na girma, a can na yi jami'a na karanta adabin Turanci, sannan na dawo gida na sami aikin koyarwa.

Malamin da ya fi shiga raina a jami'a wani Bature ne ɗan ƙasar Ailan, tsibirin nan da ke maƙwabtaka da Ingila. Dogo ne mai jan fuska, kullum cikin gumi. In ɗalibi ya yi kuskuren kiransa Baturen Ingila, sai ya dafe ƙirji kamar an harbe shi. Shi ya koya mana rubutun barkwanci da zambo na mutanensa. Mutane ne da aka daɗe ana mulka, talauci ya ci su, da yawansu suka watsu cikin duniya neman abinci, amma marubutansu ba su ƙyale kowa ba: limamin coci mai son cikinsa, ma'aikacin gwamnati da ke ɓata wa mutum wata guda a kan hatimi ɗaya, manomin da ɗakinsa ke yoyo yana alfahari da sarautar kakan kakansa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne zaman gawa. Ya ce a ƙauyukansu ana zama da mamaci a ɗaki, ana kuka, ana kuma ba da labaran rowarsa da cika-bakinsa ana dariya. A kan wannan na yi rubutuna na shekarar ƙarshe, kuma an ce ba laifi, ko da yake malamin ya yi ƙorafin na cika faɗin “mai yiwuwa”.

Mahaifina yana da ɗan shago na carbi da darduma da turare. Amininsa wani tsoho ne Bazazzage mai tsire a unguwar Mansur, muna ce masa Baba. Tun a ƙasar Cadi suka haɗu, tare suka tsinki auduga a Sudan, jirgin ruwa ɗaya ya kawo su. Mai karatu ya san wasan da ke tsakanin Bakano da Bazazzage, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Kullum bayan la'asar Baba zai taho da tsire a ƙunshe, tun daga bakin lungu yake ɗaga murya:

“Bawana! Tashi ka ba ubangidanka kujera.”

“Wa ya kwance wannan?” in ji mahaifina. “Jama'a ku riƙe min shi. Da ƙwaryar fate na saye shi, har yau ban ga riba ba.”

Haka za su yi ta yi har a kira magariba. Ni kuwa nakan gaishe su in wuce ciki da takardun ɗalibai. Ina jin dariyarsu ta taga, na ɗauke ta kamar kukan tattabarun Harami, abin da kullum yana nan.

Ciwon mahaifina bai ja ba. Aka yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Ma'ala. Zaman makoki kuma muka yi shi irin na mutanen Makka: a jera kujeru a lungu, a rataya fitilu, mai karatu yana karatu tsakanin magariba da lisha, ana zagawa da gahawa, mu 'ya'ya muna tsaye a layi ana ba mu hannu. Babu hira, babu ɗaga murya.

Rana ta biyu da safe Baba ya ja ni gefe. Idanunsa sun yi ja.

“Ɗan bawana, gobe zan zo karɓar gadona.”

Na ce, “Wane gado, Baba?”

“Kai wai me suka koya maka a can? Abin da bawa ya bari ai na ubangidansa ne. Ni da ubanka mun gama magana tun a jirgin ruwa, muna amai a bokiti ɗaya. Wanda ya riga wani, ba a tashi makokinsa sai an wanke shi tas da ba'a a gaban mutane. Ya riga ni. Ba zan bar shi ya tafi haka kamar baƙo ba.”

Nan take na gane, don abin da na yi shekaru ina karantawa ne ya zo ya tsaya a gabana cikin riga mai ƙanshin hayaƙi. Na ce zan yi wa Yaya magana.

Yayana magatakarda ne a wajen wani mai saukar alhazai. Ya sha wuya kafin ya sami takardun zama, kuma Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa. Ko gama bayani ban yi ba ya ɗaga hannu.

“Ma yisir. Ba zai yiwu ba. Ka san ƙasar da muke? Yaushe-yaushe aka hana sayar da mutum a nan? Yarana in suka yi faɗa a makaranta, da wace kalma ake jifansu? Sannan wani ya tsaya a gaban maƙwabta ya kira ubanmu bawa, a ranar makokinsa?”

Ba zan ce ba shi da gaskiya ba. Har yau ba na cewa haka. Amma na yi ta maza, abin da ba halina ba ne, na ba shi labarin mutanen Ailan, yadda suke raka mamaci da dariya, da yadda marubutansu suka mai da wannan abin alfahari. Na ce ba mu kaɗai ba ne a duniya.

“Su Nasara ne, kuma a ƙasarsu suke,” in ji Yaya. “Mu fa?”

Muka daɗe muna ja. Daga ƙarshe ni na kawo mafita, kuma a lokacin na ji daɗin dabarata. A yi abin bayan la'asar, kafin Larabawa su fara zuwa. A yi shi a tsakar gida, ƙofa a rufe, tsofaffin Hausawa kaɗai. Kuma kada Baba ya ambaci waccan kalmar. Yaya ya ce in dai haka ne, ba ruwansa.

Da na je Mansur na faɗa wa Baba, yana yanka nama bai ko ɗago ba. Sai da na zo kan sharaɗi na ƙarshe ya ajiye wuƙa.

“To in ce masa me? Ranka ya daɗe?”

Na fara kame-kame, ina cewa ai na ɗan lokaci ne, kuma mai yiwuwa ba kowa zai fahimta ba. Ya ce, “Ya isa. Gidanku ne. Na ji.”

Washegari bayan la'asar tsofaffi suka taru a tsakar gidanmu a kan tabarmi. Akwai Sakkwatawa, akwai mutanen Damagaram, da wani Babarbare mai ɗinki. Tsofaffin Kanawan unguwar wasu sun rasu, wasu sun koma gida, saboda haka ni da Yaya ne kaɗai Kanawa a wurin. A lokacin ban ga muhimmancin wannan ba. Duk tunanina yana kan ƙofa, kada wani maƙwabci ya ƙwanƙwasa.

Baba ya shigo cikin babbar rigarsa ta salla, da wani rawani da ban taɓa ganinsa da shi ba, yana taku kamar hakimi. Bai yi wa kowa ta'aziyya ba. Ya tsaya a tsakiya ya dubi ƙofar ɗakin mahaifina.

“Ina kayan mutumin nan? A fito min da su. Hular, da butar, da takalmin nan da ya fi ni shekaru. Kada a ɓoye komai, na san halin Kanawa.”

Tsofaffi suka fara murmushi.

“Kun san abin da ya sa ya yi sauri? Ji ya yi an ce makwanci a Ma'ala kyauta ne. Bakano ya ji kyauta, ai ko sallama ba zai tsaya yi ba.”

Dariya ta ɓarke, ta farko a gidan tun ranar rasuwa. Na jiyo har mata a ɗaki, dariya da kuka a haɗe. Baba ya yi shiru ya karkata kai gefe, kamar mai sauraron wani abu. Sannan ya ci gaba.

“A jirgin ruwa, kowa yana salati yana kuka, guguwa za ta kifar da mu. Na waiga, sai ga mutumin nan yana tambayar matuƙi ko zai sayar da igiya.”

Aka sake dariya. Ya sake yin shiru, ya karkata kai. Wannan karon shirun ya yi tsawo. Sai Babarbaren nan ya zungure ni da gwiwar hannu.

“Kai, ku rama mana! Ba Kanawa ba ne ku? Za ku bari Bazazzage ya ci ubanku a gidansa?”

Sai a lokacin na gane abin da Baba yake jira. Ni duk shirin da na yi, na wuri ne da lokaci da kalma. Ban taɓa tunanin wanda zai amsa ba. Na dubi Yaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya saka da alheri, ya ammi,” wato baffa da Larabci, kamar yadda yake ce wa masu ta'aziyya. Idanu suka dawo kaina.

Kaina cike yake da barkwanci, amma duk na Turanci ne, duk na wasu mutane a wata ƙasa mai ruwan sama. Zan iya bayyana yadda ake gina zambo da inda dafinsa yake. Na laluba in tuno ko guda daga cikin amsoshin mahaifina, babu abin da ya zo sai fate. Kuma tsoro ya kama ni kada in zarce in yi wa tsoho rashin kunya. Sai na ji bakina yana cewa:

“To, Baba, ana dai cewa, ban tabbatar ba, wai wasu Zazzagawa, ba duka ba, suna ɗan son fate.”

Tsakar gidan ta kece da dariya, amma ni ake yi wa. Wani Basakkwace har da riƙe ciki yana maimaita “ba duka ba”. Baba kaɗai bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallona, ba da fushi ba.

“Wannan ce ramuwar?” ya ce. “Da ubanka ne, da tuni ya tuɓe min rawanin nan ya sayar min da shi.”

Ya buɗe baki zai ƙara wani wasan, sai ya fasa. Ya juya ya dubi ƙofar ɗakin, muryarsa ta yi ƙasa sosai.

“Ashe da gaske ka tafi, bawana. Ka bar ni da masu ladabi.”

Yaya ya ji kalmar, ya ƙyale. Baba ya zauna a bakin tabarma, ya warware rawanin ya rufe fuskarsa da shi, ya yi kuka irin wanda ban ga ya yi a maƙabarta ba. Aka kawo masa hular da butar, ya ɗauki hular kawai. Kafin a gama jera kujeru a lungu ya tafi.

Bayan wannan na riƙa zuwa Mansur ina gaishe shi. Na ma shirya amsoshi, na tambayi wani Bakano da ya zo hajji ya koya mini wasu, na yi ta bitarsu a hanya. Amma Baba bai sake ba ni ƙofa ba. Da ya hango ni sai ya miƙe ya kakkaɓe benci, ya ce, “Marhaba, ustaz, sannu da zuwa.” Ya zaɓa mini nama mai kyau, ya tambayi lafiyar Yaya da yara. Wata rana na daure na jefa masa ɗaya daga cikin amsoshin nan. Ya yi murmushi ya ce, “Allah ya yi maka albarka, ustaz.” Ban san ko tausayina ya ji ba, ko kuwa wasan ne ya mutu a ransa. Mai yiwuwa duka biyun. Haka muka zauna cikin girmama juna har ya rasu bayan 'yan shekaru, kuma a makokinsa ba wanda ya zo karɓar gado.

Na ci gaba da karanta marubutan Ailan, har yanzu suna ba ni dariya, ban kuma yi da-na-sanin karatunsu ba. Abin da na koya a tsakar gidan nan dai littafi bai faɗa mini ba. Ba'a irin wannan ba mutum ɗaya ke yin ta ba, kuma ba a gadonta a takarda. Sai an zauna kusa da masu ita tun suna raye, a sha zagi, a koyi ramawa. Wanda ya daɗe yana tsokanarka, in ka ga ya koma yi maka ladabi, to ka bincika, akwai abin da ya rasa wanda girmamawa ba za ta mayar masa ba.