Doguwar Rakiyar Malam Ukasha

Duk Bahaushen da ya taɓa zuwa sari kasuwar Ataba a Alƙahira, ko ya manta sunan Malam Ukasha, ba zai manta mutumin da ya raka shi ba. Siriri ne, mai furfura a gemu, da wata hula da ta ga duniya. Mutumin Gumel ne. Karatu ya kawo shi Masar tun yana saurayi, ya yi abin da Allah ya ƙaddara masa, sai kasuwa ta ja shi. Aikinsa shi ne ya ɗauki 'yan kasuwar da suka zo daga Kano ko Maraɗi ya zaga da su lungu-lungu, ya nuna musu inda ake samun abaya ta gaske da inda ake sayar da wadda wanki ɗaya ke tona mata asiri, ya yi musu ciniki, ya ɗaure kaya.

Amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne rakiya. Tun yana yaro mahaifinsa ya koya masa cewa mai rakiya ba ya juyawa don kansa. Sai wanda ake rakawa ya tsaya ya ce, "Malam, koma haka nan, na gode." Wannan ita ce sallama. In ba a faɗe ta ba, ƙafar Malam Ukasha ba ta san hanyar gida ba. A Gumel wannan ba ya wahalar da kowa, don kowa ya san inda ake faɗa, ko a bakin zaure ko a kwanar masallaci. Alƙahira kuwa wani gari ne daban. Wani ɗalibi sabon zuwa ya taɓa zuwa gaishe shi a gidansa da ke unguwar Arba wa Nus, kunya ta hana shi sallamar dattijo. Malam Ukasha ya raka shi bakin titi, suka shiga ƙaramar bas tare, suka hau metro, jirgin ƙasa na cikin gari, tare, har Giza, har ƙofar ɗakinsa. Shi kuma ɗalibin ya ga bai dace ya bar babba ya koma shi kaɗai ba, sai ya rako shi. Da matarsa Awadiyya ta leƙo ta taga ta hango su su biyu suna dawowa, sai ta ƙara shinkafa a tukunya.

Awadiyya Bahaushiyar Sudan ce, cikin jikokin mutanen da suka tashi hajji a ƙasa suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. 'Yarsu ɗaya tak, Nada. A Alƙahira aka haife ta, Hausa a cikin gida, Larabci daga bakin ƙofa. Tun tana firamare ubanta yake kiranta Daktora, har Allah ya amsa, ta karanta likitancin dabbobi a babbar jami'ar Giza.

Wata rana ta shigo da labarin cewa ta samu gurbin ƙaro karatu a Japan. Ba ma a birni ba. Can ƙarshen kudancin ƙasar, a wani tsibiri da kurmi ya cinye kusan duka, inda wata kyanwar daji take zaune wadda babu irinta a duniya sai nan, kuma saura kaɗan ta ƙare.

"Kyanwa?" in ji Malam Ukasha. "Daktora, a matattakalar benen nan kaɗai akwai guda nawa? Ɗazu sai da na tsallake uwa da 'ya'yanta kafin na shigo."

"Ba irinsu ba ce, ya Baba. Wannan ko mutanen tsibirin da yawa ba su taɓa ganinta ba."

"To ke me za ki yi mata?"

"Za mu ɗaura kyamarori a jikin itatuwa. Mu kuma tattara kashinta mu duba abin da take ci."

Washegari a Ataba ya faɗa wa abokansa cewa Japanawa sun nemi Daktora ta je ta taimaka musu. Bai shiga bayanin sauran ba.

Da tafiya ta matso ya ce zai raka ta. Awadiyya ta san abin da wannan kalma take nufi a bakin mijinta, don haka ta fito da babbar jaka. Ya nemi biza, ya sha jeka-ka-dawo, ya samu. Shirin shi ne ya ga ɗakinta, ya ga alƙibla, ya kwana biyu ya dawo.

Suka hau babban jirgi, suka sauka suka hau ƙarami, daga nan jirgin ruwa. Mutumin da ya yi rayuwarsa tsakanin Gumel da Alƙahira bai taɓa sanin Allah ya halicci kore mai yawa haka ba. Tsaunuka ne kurmi ya rufe su ruf, har bakin teku. Iska jiƙe take, kamar an matse tsumma a fuska. A bakin kogi akwai itatuwa tsaye cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje, kamar mata sun tattare zane za su haye rafi. Titi ɗaya ne a tsibirin, kuma ko'ina an kafa alluna masu hoton kyanwar, direbobi suna rage gudu dominta. "Ikon Allah," in ji shi, "a Ataba ko mutum ba a rage wa gudu."

An sauke Nada a gidan wata tsohuwa mai kula da ɗalibai, aka ba uban ɗaki a gefe. Tsohuwar ba ta jin komai sai yarensu, shi kuma ba ya jin nata, amma sun fahimci juna a kan kifi da shinkafa. In ta sunkuya masa sai ya dafa ƙirji, in ya dafa ƙirji sai ta ƙara sunkuyawa.

Ya ga ɗakin, ya gano alƙibla, ya gwada sakatar ƙofa. Ranar komawa ya ɗaure jaka bayan ya karya kumallo, ya ajiye ta a bakin ƙofa, ya sa hula, ya tsaya a gaban 'yarsa.

"To, Daktora," in ji shi. Sai ya jira.

Nada kuwa tarbiyyar Masar ce. A can in baƙo ya miƙe, sai a dafa kafaɗarsa a mayar da shi kujera. Wanda ya ce wa baƙo ya tafi ya yi abin kunya, balle uba. Ta kama hannun jakar ta ce, "Lissa badri, ya Baba, da sauran lokaci. Ina za ka tun yanzu?"

Ya dube ta, ya ɗauki jakar ya mayar ɗaki, ya sa aka ɗaga masa tikiti.

Haka aka yi ta yi. Ya ɗaure jaka, ya tsaya, ya ce, "To, Daktora," ta ce da sauran lokaci. Shi ba zai iya cewa ta sallame shi ba, don a ganinsa wannan kamar ya ce ya gaji da ita ne. Kuma in za a faɗi gaskiya, duk lokacin da ta hana shi tafiya sai ya ji wani sanyi a ransa. Ya saba da wurin. Yana zama a bakin kogi yana kallon ƙananan ƙaguwa suna ɗaga hannu ɗaya kamar masu tsayar da tasi. Yana tsintar wa tsohuwa wake. Ya koyi taka ƙasa a hankali saboda macizai.

Abin da bai sani ba, sai da ya lura da takalmanta. Dogayen takalman roba ne na shiga kurmi, an ba ta tun zuwansu, suna nan a bakin ƙofa ko taɓo ba su taɓa ba, na sauran ɗalibai kuwa duk sun yi dumu-dumu. Ya tambaye ta, ta kau da kai. Da ya matsa sai ta faɗa. Aikin ba a ƙauyen yake ba. Sai an shiga kwalekwale an hau kogi zuwa tsakiyar kurmi, a yi makonni a can. An riga an tafi ba da ita ba, don ta kasa barin ubanta shi kaɗai a inda ba ya jin ko gaisuwa. Malamarta ta gaya mata cikin ladabi cewa in kwalekwalen gobe ma ya tafi ba ita, lokacin aikin bana ya wuce, za a ba wani ɗalibi wurinta.

Malam Ukasha ya zauna a kan tabarma. Duk nisan nan ya yi don ya kawo ta, ashe shi ne ya tare hanya.

Suna cikin haka wayar Nada ta yi ƙara. Awadiyya ce, fuskarta ta cika wayar, ana jin hon ɗin motoci a bayanta.

"Ku biyun nan me ya same ku, kamar an yi rasuwa? Malam, Alhazan Maraɗi sun zo nemanka har gida. Na ce musu ka tafi rakiya, suka ce shi ke nan, sai baɗi."

Nada ta fashe da kuka, ta faɗa mata komai, rabi Hausa rabi Larabci.

"Tsaya, ya bitti, 'yata," in ji Awadiyya. "Kin ce masa ya koma?"

Nada ta ce wa uwar, "Yumma, in kori Baba?"

"Innalillahi. Ke da kika san abin da kyanwa take ci, ba ki san ubanki ba? Mutumin nan in ba a ce masa koma ba, har cikin ramin kyanwar zai bi ki. Kai kuma Malam, bakinka ciwo yake? Ba za ka gaya mata ba?"

"Ba a roƙon sallama, Awadiyya," in ji shi a hankali.

"To khalas, shi ke nan, ni na roƙa maka."

Da safe ya raka ta bakin kogi. Shi ya ɗaukar mata jakar baya, ta sha gaban hularsa a tsawo. Hazo na tashi daga ruwa, kurmin ya cika da kukan ƙwari da tsuntsayen da bai san sunansu ba. Malamar da sauran ɗalibai suna cikin kwalekwale, sun sunkuyar da kai kamar suna duba igiya. Ya miƙa mata jakar, ya gyara mata mayafi a ƙarƙashin hular ruwan sama, ya duba takalman, ya sake duba su. Daga nan ya rasa abin dubawa, ya tsaya.

Nada ta buɗe baki, Larabci ya so fitowa, ta haɗiye shi.

"Baba," ta ce, "ka koma haka nan. Na gode."

Sau dubu aka faɗa masa wannan magana a rayuwarsa, bai taɓa jin nauyinta ba sai ran nan. Ya ɗora hannu a kanta ya yi mata addu'a, gajeriya, don ya ga muryarsa ba za ta kai doguwa ba. Sannan ya juya.

Bai waiwaya ba. Ya bi 'yar hanyar har ta karkata bayan itatuwa, inda ya tabbata ba za ta hango shi ba, ya tsaya. Ya ji an tada injin. Ya saurari ƙararsa tana hawa kogi, tana raguwa, har kukan ƙwari ya rufe ta. Ya ƙara ɗan jira, ko da za ta dawo. Ba ta dawo ba.

Ya share fuska da hannun riga, ya ciro waya. A Alƙahira gari bai waye ba tukuna, don haka ya bar mata saƙon murya: "Awadiyya, an sallame ni."

Yana cikin jirgin ruwa amsarta ta iso. Ya kara wayar a kunne saboda iska.

"Alhamdulillahi. Yalla, maza sai ka taho. Tukunyar gas ta ƙare tun shekaranjiya, babu mai hawo min da ita bene."