Gadon Laka Cikin Motar Albasa

Gado hwa! Gado cikin mota, da katihwa, da ɗan tebur, har da risho na dahwa shayi! Ni da nike gyaran mota ƙarƙashin iccen bedi bakin hanyar Ƙonni, ba wanda ya koya mani in ba kwance-kwance da ɓarna ba, ban taɓa ganin irinta ba. Wani anasara na da matatai sunka tsaya in ɗaure masu salansa. Da ɗan faransancin tasha na tambaye su ina zuwa. Sunka ce garinsu sanyi ka kashe mutane, shi ya sa in ɗari ya kama sai su ɗauko ɗakinsu bisa taya su tahi hamada shan ɗumi.

Sai na tuna da kakata. Kowane ɗari gwiwoyinta ƙagewa sukai, sallah ma daga zamne. Na sheƙa wurin kawuna, ɗanta, mai tsohuwar mota ruhwahhiya da yake kai albasa kasuwa. Na yi ta magiya ya ara mani ita in kai Kaka hamada, har ya gaji.

"Kwana ukku," in ji shi. "Ranar kasuwa in ga motata ƙohwar gida. In ba haka ba, nemi wani kawun."

Na kawo katako zan yi gado, Kaka ta leƙo.

"Angona, makara za ka haɗa mani? Ni ban kwana bisa icce. Gadon laka nike so irin na ɗakina, da rami ƙasa na zuba garwashi."

To, gida dai gida na, ko bisa taya yake. Jaki huɗu na laka na kwaɓa na gina mata cikin motar, na shahe shi sumul. Ta sa anka hau da randa cike da ruwa, da duwatsun murhu, da turmi.

"Kaka, har da turmi?"

"Can hamadar ubanka ka daka mani hura?"

Munka tashi da hantsi, lakar ko bushewa ba ta gama ba. Gindin mota na sharar ƙasa, hancinta na kallon sama, sai na miƙe tsaye-tsaye kahin in ga hanya. Amalanken jaki guda ya wuce mu, mai shi har da ce mani sannu da aiki.

Kahin Tsarnawa na ji ƙauri. Ashe Kaka ta hura wuta ƙarƙashin gadonta, hayaƙi na hita ta kowace taga. Wani jandarma ya taho da gudu da bokiti, ya hizge ƙohwar baya, sai ga tsohuwa kishingiɗe tana gasa gujiya.

"Ɗan nan, ruhe mani, iska na shiga."

Ya aje bokitin, ya amshi gujiya, ya ce mu wuce.

Munka karkata arewa. Tudun hwarko da munka tarar, mota ta hau rabi, ta yi nishi, ta dawo da baya, sai ji kake ƙwas! Ƙarhunan da ke ɗauke da gindinta sun karye. Na ce sai dai a rushe gadon, ko in samu in lallaɓa ta gida.

"Taɓa shi ka gani," in ji Kaka.

Wata babbar motar siminti ta Malbaza ta jawo mu har Ƙonni, direban na dariya har yana share hawaye. Kawu na tsaye ƙohwar gida. Ya dubi mota, ya dube ni, ya tuɓe takalmi. Sai murya ta hito daga ciki:

"Kai! Kada ka taɓa mani miji. Tunda nike ban samu ɗaki mai ɗumin wanga ba. Ƙarhe ya riƙe zahi, dubi ƙahwata!"

Ta miƙe ta, ta lanƙwasa, ta sake miƙewa.

"Inna, albasa hwa?"

"Jakkai sun ƙare duniya?"

Wa ka hidda uwatai daga ɗaki? Nan motar ta zamna bisa duwatsu har bazara, tsohhin unguwa na zuwa hira bi da bi. Albasa kuwa amalanke ta koma, kuma ni anka ɗora bisa jakin, kowace kasuwa, Kawu na bayana bai ce mani ko sannu.

Hamada dai har yau ban taka ta ba. Don Allah wanda ya taɓa zuwa da ɗari ya gaya mani: da gaske akwai ɗumin, ko anasaran nan zolayata sunka yi?