Gidan Rina a Cikin Hitar Tirela

Shekarun baya, lokacin da shiga dajin wajen Ruma ya gagari kowa, ina aiki a sashen gona a Batsari. Wata ranar kasuwa sai ga mahaifiyata da ƙanwata a kan babura, da ƙullin kayansu da jaririyar da ko suna ba a yi mata ba. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke kusa da namu, mijin ƙanwata ya ce su taho wurina, shi zai tsaya ya ga abin da za a iya cirewa a gona.

Ni kuwa ɗaki ɗaya gare ni, shi ma tare muke da abokina, wani malamin makaranta ɗan Safana. A bayan ofishinmu akwai wani ɗakin ƙarfe mai tayu, irin wanda ake ja da mota, masu haƙa rijiyar burtsatse suka bar shi tun da aikinsu ya tsaya. Tirela muke ce masa. Na roƙi shugabanmu ya ba ni makulli, muka share, suka shiga.

Matsalar ita ce ruwan wankan jego. Masu itace sun daina zuwa daji, ɗan wanda ake samu a gari ana rububinsa. Inna ta ce, "Mai jego dai ba ta wanka da ruwan sanyi ina raye. Ka san yadda za ka yi."

A jikin tirelar ta waje akwai wata 'yar ƙofa, a cikinta hita ce ta dafa ruwa mai aiki da gas. Na taɓa ganin ma'aikatan nan suna kunna ta, kuma a lokacin gani nake duk abin da na gani sau ɗaya na iya shi. Bayan la'asar muka ɗauko tukunyar gas ɗinmu ta girki, muka haɗa tiyo, muka ajiye ta a gindin hitar. Na buɗe, na ƙyasta ashana, shiru. Na sake, shiru, sai wari.

Abokina ya ja da baya ya ce, "Malam, warin nan ya yi yawa fa. Mu bari iska ta kwashe."

Na ce, "Bari in gwada na ƙarshe."

Ban gama miƙa hannu ba na ji "bum!" Wuta ta yo waje maimakon ta shige ciki, ja mai baƙin hayaƙi, ta lashe min gira. Kafin in miƙe daga faɗuwar da na yi, sai ga rina suna tuttuɗowa daga saman akwatin hitar. Ashe sun yi gida a lungun da ban leƙa ba. Abokina ya yi ta kansa, ban ga laifinsa ba.

Daga inda na tsaya ina hango komai. Wutar tana ci a bakin bututu, tana lasar gefen tiyo. Tukunyar tana buɗe a ƙasa, rinar sun lulluɓe wurin. Tagar da ke sama da hitar a buɗe take, nan ne gadon da ƙanwata take kwance. Ƙofar fita kuma a wannan ɓangaren take.

Na ɗaga murya, "Inna, ku rufe taga! Kada ku fito!"

Babu wanda ya amsa. Ko kukan jaririyar ban ji ba. Wannan shirun ya fi wutar tayar min da hankali.

Na ga dardumar sallar maigadi a kan igiya, na fizgo ta na rufa a ka, na durƙusa na rarrafa. Ina jin su suna bugun dardumar kamar ana watsa tsakuwa. Ɗaya ta same ni a kunne, wata a wuya, hannun da na miƙa kuwa ban san iyakar waɗanda suka sauka a kansa ba. Na laluba kan tukunyar, ya yi zafi, gumi ya sa yatsuna suna zamewa. Na murɗa, ashe buɗewa nake ƙarawa, wutar ta yi tsalle. Na ce innalillahi, na murɗa ta ɗaya ɓangaren har ya ƙi tafiya. Wutar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta mutu. Na miƙa hannu na tura tagar ta rufu, na ja tukunyar na yi nesa da ita.

Sai a lokacin na lura unguwar ta yi tsit. Masu shago sun ja ƙofofi, mata sun kwashe yara. A kwanakin nan duk ƙarar da aka ji, bindiga ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Can sai ga abokina ya dawo da 'yan sintiri, suna tambaya ta ina 'yan bindigar suka shigo. Na nuna musu rina da kumburarren hannuna. Wani dattijo a cikinsu ya dube ni, ba gira, kunne ɗaya ya yi biyun ɗaya, ya ce, "Allah ya kyauta, Malam," ya juya yana danne dariya.

Da rinar suka lafa na tura ƙofa da ƙyar na shiga ciki. Na tarar da Inna zaune a ƙasa ta jingina bayanta da ƙofa, ta tokare ta. Ƙanwata tana ƙarƙashin gado, ta rungume jaririyar a ƙirji tana ba ta nono don kada ta yi kuka. Na ce, "Ni ne, ku fito, hita ce." Sai da na maimaita kafin ƙanwata ta motsa.

Washegari da sanyin safiya, rina ba su da kuzari, muka fitar da su Inna zuwa ofis, muka yi hayaƙin tsumma muka ɓamɓare saƙar da doguwar sanda. Muka kwance bututun da gas ke bi, muka ɗaga shi a rana, ko haske ba ya wucewa. Zanzaro ya cika shi da laka, ta bushe kamar siminti. Shi ya sa gas ya rasa hanya ya taru a waje. Muka zungure shi da waya, muka wanke, muka sauya tiyo, muka shafa ruwan sabulu a mahaɗa don mu ga ko yana yoyo. Wannan karon kowa yana nesa na kunna. Wuta ta kama shuɗiya, ba hayaƙi. Inna ta tsoma yatsa a bokitin farko ta ce, "To, ba laifi." A wurinta wannan babban yabo ne.

Sun yi arba'in a tirelar, mijin ƙanwata ya zo lafiya ya kwashe su zuwa Safana. Har yau ba na kunna abin gas da ya daɗe a ajiye sai na leƙa cikinsa, kuma in na ji wari ba na gwada na ƙarshe.

Abokina yakan ba da labarin a majalisa a yi ta dariya, ni ma ina yi. Amma akwai abin da ba ya cikin labarinsa. Ranar da za su tafi na tsokani ƙanwata, na ce wai me ya sa ina ta kira ba ta amsa ba. Ta gyara goyonta ta ce, "Yaya, na ji muryarka sarai. Na zaci sun riƙe ka ne suka ce ka kira mu."