Guntun Ƙodar Mai Ɗakina

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina gudun dariya. Amma abin nan ba zai fita raina ba har in koma ga Allah.

Shekarun baya ƙafafun mai ɗakina suka kumbura, na ɗauke ta daga Dumega zuwa Yamai. Wata likita ta sa allura ta ciro ɗan guntun ƙodarta, bai kai ƙwayar hatsi ba. Ta nemi izinin aika shi ƙasar waje, inda na'ura ke bin tsoka ɗigo-ɗigo tana auna abin da ke ciki, ta fitar da hoto mai launuka a ga inda cutar ta zauna. Muka yarda. Kafin kaka mai ɗakina ta rasu.

Bayan ƴan gaisuwa sun watse ne na tuna. Mu a gidanmu ko farce ba a yarwa. Haƙori, gashi, mabiya bayan haihuwa, duk binnewa ake yi. Ita kanta takan tona rami a gindin magarya ta rufe gashin da ya zuba wajen kitso. Ga shi na kai ta kushewa, wani yanki nata yana hannun baƙi. Liman ya ce babu laifi a kaina. Na yarda da shi, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Na ɗauki ragowar ƙyallen likkafaninta na koma Yamai ni kaɗai, ban gaya wa ɗiyanmu ba. Na shimfiɗa shi a teburin likitar, na ce na zo karɓar ajiya.

Ta dubi ƙyallen, ta ce:

"Baba, guntun ƙodar nan yanka shi ake ya fi fatar albasa rashin kauri, a ɗora bisa gilashi. Hasken na'urar ke ƙona shi kaɗan-kaɗan."

"To, ɗiyata, abin da ya yi saura fa? Ina suke kai shi?"

"Wallahi ban taɓa tambaya ba."

Ta ce aikin zai amfani masu ciwon nan gaba. Na yi mata godiya, na ninke ƙyallena, na shiga mota. Yana nan cikin akwati har yau.

Na koyi cewa tambaya tun abu yana hannunka ake yin ta. Ba na zargin kowa. Roƙona ga masu karatu: wanda ya san aikin irin wannan na'ura ya sanar da ni abin da ake yi da gilashin. In ana binnewa, wace ƙasa ce? In sani kawai, ko na riƙa juyawa wajen in na yi mata addu'a.