Ranar da Aka Aske Fayil

Mai Famfo ake ce mata, alhali ko sifana ba ta taɓa riƙewa ba. Aikinta a zaune take yin sa, a wani ɗaki mai warin dalma bayan shagon kayan wuta, gaban baƙin allon kwamfuta da ba ya jin komai sai umarnin da aka buga masa. Ƙananan na'urorin da ke tada famfon rijiyar burtsatse, su kashe shi in tanki ya cika, ita ke zuba musu hankali.

Mijinta ne ya rubuta manhajar. Ɓarayi suka ɗauke kwamfutarsa da asalin rubutun a ciki, ya ce zai sake, ajali ya riga shi. Abin da ya rage mata fayil guda ne da aka riga aka juya zuwa harshen inji. Mutum ba ya iya karanta irinsa, sai dai wannan na ɗauke da sunayen da marigayin ya raɗa wa kowane sashe: mai leƙen ruwa, mai jiran wuta, sarkin gardama. Da su take gane inda za ta taɓa idan an sauya injin famfo. In ta gama gyara sai ta buga umarnin da ke aske sunayen don fayil ya rage nauyi ya shige na'ura, ta ajiye askakken da wani suna dabam, na asali kuwa ta bar shi yadda yake. Da haka ta riƙe 'ya'yanta, ba ta je ƙofar kowa ba.

Sai dangi, da ba su taɓa tambayar ko yaran sun ci ba, suka tuna cewa tana bukatar mataimaki. Suka cusa mata ƙanin mijin. Ya iya kwamfuta, ba a hana shi wannan ba. Ciwonsa ɗaya: tambaya a wurinsa abin kunya ce.

Ranar da ta kai autarta asibiti, gogan naka ya ga fayil ya yi masa nauyi a ido. Ya buga umarnin aski, bai faɗa masa inda zai zuba sakamakon ba. Kowa a sana'ar ya san halin umarnin nan: in ba ka ba shi sabon suna ba, kan na asali yake hawa, ba sallama ba gargaɗi. Na'urar da take ajiye kwafin fayil ɗin don tsaro kuma, wadda shi ya saita ta ta riƙa bin duk wani sauyi, sai ta kwafi sabon ta danne tsohon.

Da ta dawo ya tare ta da fara'a. "Yaya, na rage miki kaya. Kuma na gwada, yana aiki lafiya lau."

Ta buɗe. Lambobi ne zalla, layi bayan layi.

"Ina sunayen?"

"Ai inji ba ya bukatarsu."

"Inji ba ya bukata, ni fa? Da inji ka zo yi wa aiki ko da ni?" Ta juyo ta fuskance shi. "Wa ya aike ka? Bakinka ciwo yake da ba za ka ɗaga waya ka tambaye ni ba? Gobe in an sauya inji a makarantar da ke jira na, da me zan nemo wurin gyara, da hancinka?"

"Yaya, yi haƙuri, ai aikin yayana ne, ni ma..."

"Aikin yayanka ka share! Ɓarayi ma sun bar mini wani abu. Ajiye makullin, ka fita."

Ya fita yana gunaguni, wai abin bai kai haka ba. Ya kai, har ya wuce.

Ta jawo kujera ta fara bin lambobin ɗaya-ɗaya, ko za ta gane su da ido. Ta kai wani wuri da ta tabbata ta sani, wurin da ke hana inji ƙonewa in rijiya ta ƙafe. Shekara da shekaru tana karanta sunan da marigayin ya sa masa, har takan yi murmushi in ta zo kansa. Ta ɗora yatsu za ta rubuta shi. Ta nema a kanta, ta sake nema, ta rasa.