Rumbun Kaka Hajjo

Issufu ya sace labarin kakata, ya kafe shi a ƙofar gidansu. Allo ne na ƙarfe, an rubuta da Faransanci wai a rumbun kakarsa aka ɓoye Mushe Ɗan Jimma, shugaban ƙasa na farko. Ban wuce aji huɗu a lakwal ba, amma na iya karanta ƙarya.

Muna yara, tare da Issufu muke zama gaban Kaka Hajjo in an ci tuwo, wutar kara tana ci, ita tana gasa ƙafafunta. Tatsuniyoyinta na kura da zomo duk dariya ne. In za ta yi ta rumbun kuwa, sai ta tofar da goro ta ce, "Ku rufa baki, ɗiyana. Wagga ba a kashe ta da ƙurungus."

Ɗan Jimma malamin lakwal ne, in ji ta, ya ce Nasara su tafi. Sojoji suka biyo shi tun daga kasuwar Garhanga. Ya faɗo gidanmu ba takalmi, ta tura shi rumbun laka ta rufe. Sojojin suka yi zango a garin, ba halin kai masa ko fura. Da suka tashi ta buɗe, ya tauna irin geron da aka ajiye don shuka.

"Ya kama hannuna yana kuka. Ya ce, Inna, in mun amshi ƙasa ba mai sake cin iri."

Damina ta zo ba abin shukawa. Ɗanta Sule, mai shekara uku, bai kai kaka ba. Ɗan Jimma ya hau mulki, ya tsufa a kai, har sojansa suka sauke shi. Ko gaisuwa bai aiko ba.

Da ina yaro na ɗauka labarin jarumi ne. Sai bara, da na ga matata ta daka irinmu don yara su ci, na gane abin da tsohuwar take faɗa mana.

Issufu yanzu yana da kujera a lamiri, ofishin magajin gari. Ranar buɗe allon na ratsa manyan baƙi na tsaya gabansa.

"Ɗan'uwa, ba nan ba," ya ce a hankali.

Na ce, "Nan ɗin. Ka ɗauki rumbun, na bar maka. Amma akwai kabarin yaro a bayan gidanmu. In kakarka ce ta ɓoye Ɗan Jimma, zo ka ɗauki wannan ma."