Malam Abdulmannan da Kalmar Gado

Malam Abdulmannan ɗan masunta ne daga Kirikasamma, amma ko koma bai iya jefawa ba. Kwamfuta yake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Hadejia, kuma shekara huɗu ya yi yana haɗa harshen rubuta manhaja da Hausa zalla. Shi da bakinsa yake cewa wata uku ya yi yana ainihin aikin, sauran duk sun tafi a zaɓen kalmomi. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Ƙamus, yana kuma amsawa ba kunya.

Shugabar makarantar, Hajiya Ramatu, ta gaji da gafara sa. Ta ce ranar Litinin ɗalibai su nuna mata abu mai aiki, in ba haka ba ta mayar da ɗakin kwamfutar wurin ajiye karyayyun kujeru.

Akwai kalma ɗaya da yake ji da ita. A harshen nasa, in ka gina Kifi ka ba shi iyo da numfashi cikin ruwa, kana iya fitar da Tarwaɗa daga jikinsa, ta sami duk wannan ba sai an sake rubutawa ba. Ya raɗa wa abin suna "gado", ya yi sati yana yabon kansa.

Ranar Alhamis aka yi gwaji, ko manhaja ɗaya ba ta tashi ba. Ya leƙa aikin Nuriyya, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin. Ga Tarwaɗa, babu Kifi.

"Nuriyya, ina Kifin?"

"Na goge shi, Malam. Ai ba a cin gado sai mai shi ya rasu."

Wata ɗalibar kuwa raba wa 'ya'yan Kifin gadon ta yi, iyo ga wannan, numfashi ga waccan, don kada a ci haƙƙin kowa. Kunya ta rufe shi. Yaran sun fahimci kalmar sarai, shi ne bai fahimce ta ba.

Ranar Asabar ya hau mota zuwa Kirikasamma, rabonsa da gida wata biyar. Ya tarar da mahaifinsa, Malam Sa'idu, yana gyaran koma a bakin ruwa, ya zayyana masa komai. Tsohon ko ɗagowa bai yi ba.

"Wannan taurin kan naka, gadonsa ka ci? Ni ka ɗauko, kuma ga ni zaune, nawa bai ragu ba."

Malam Abdulmannan ya koma ya cire "gado", ya sa "ɗauko". Ranar Litinin Tarwaɗa ta ɗauko Kifi, ta yi ta iyo a fuskar kwamfuta, Hajiya Ramatu ta bar masa ɗakinsa. Ta tambaye shi a wane littafi ya samo kalmar.

"Ranki ya daɗe, wurin Baba ne," in ji shi. "Da ina zuwa gaisuwa yadda ya kamata, da tuni na gama."